Yadda Ake Bin Sawun Kalmar Turanci: Daga “Plateau” Zuwa Filato

Kalmar “plateau” tana kan lambar mota, tana kan takardar shaidar makaranta, tana kan allon kowace ma'aikatar jiha a Jos. Sabo ya sa yawancin mutane sun ɗauke ta suna ne kawai, kamar Kano ko Bauchi. Amma ɗalibin da ya gamu da ita a littafin labarin ƙasa, da mai fassarar labarai da aka miƙa wa rahoton da ya ce farashin kaya ya yi “plateau”, da majinyacin da ya ga “tibial plateau” a takardar hoton ƙashinsa, ba abu ɗaya suke karantawa ba. Kalmar ɗaya ce, ma'anonin uku ne, kuma kowacce tana da lokacin da ta shigo. Hanyar da za mu bi da wannan kalma ita ce ake bi da kowace kalmar Turanci.

Ka fara da jimla

Kada ka cire kalma ita kaɗai ka nufi ƙamus da ita. Kwafi jimlar gaba ɗaya, sannan ka rubuta abu uku a gefe: wa ya rubuta, a wace shekara, a wane fanni. Likita da masanin ƙasa da ɗan kasuwar mai duk suna amfani da “plateau”, kowa da abin da yake nufi.

Daga nan ka gano aikin kalmar a jimlar. Idan “a” ko “the” na gabanta, suna ce. Idan “to” ko “has” na gabanta, ko ta ƙare da “ed” ko “ing”, aikatau ce. Idan ta fara da babban baƙi a tsakiyar jimla, sunan wuri ne. Wannan aiki na minti ɗaya shi ke raba ka da rabin kurakurai, domin ƙamus yana ware ma'anonin suna daban da na aikatau, kuma wanda ya karanta ma'anar farko da idonsa ya faɗa a kai yakan tafi da wadda ba ita ba.

Ƙamus iri uku, aiki iri uku

Ƙamus ɗin ɗalibai, irin na Oxford wanda A. S. Hornby ya assasa, wanda ake samu a shagunan littattafai na Terminus da titin Ahmadu Bello a Jos, an tsara shi ne don mai koyon Turanci. Yana sa ma'anar da aka fi amfani da ita yau a gaba, ya ba da furuci da misalin jimla. Don sanin yadda ake amfani da kalma yanzu, ya wadatar. Don tarihi kuwa ba nasa ba ne, kuma kuskure ne ka ɗauka ma'ana ta ɗaya a cikinsa ita ce mafi tsufa.

Na biyu shi ne ƙamus na tarihi, kuma babbansu shi ne Oxford English Dictionary. An fara fitar da shi kashi-kashi a 1884, aka kammala a 1928, bugu na biyu ya fito a 1989 cikin mujalladi 20, yanzu kuma a intanet ake sabunta shi. Shi yana jera ma'anoni bisa tsufa, kuma ƙarƙashin kowace ma'ana yana kawo jimlolin gaske daga tsofaffin rubuce-rubuce tare da shekarunsu. Cikakkensa a intanet sai da rajistar kuɗi, don haka wanda ke kusa da jami'a ya fara tambayar ma'aikatan laburare ko suna da mashiga, ko kuma suna da bugun takarda.

Na uku su ne na kyauta da ake buɗewa a waya. Merriam-Webster yana ba da asali a taƙaice da shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce. Online Etymology Dictionary na Douglas Harper yana tattaro abin da manyan ƙamus suka faɗa ya zuba shi a sakin layi ɗaya. Ka duba aƙalla biyu. In sun yi daidai, ka ci gaba. In sun saɓa, ka rubuta duka biyun ka faɗi wanda ya ce me. Shafukan da ke kawo asalin kalma ba tare da shekara ko tsohuwar siffar kalmar ba, a bar su inda aka gan su.

Karanta layin asali

Layin asali a ƙamus salsala ce, kuma daga baya-bayan nan take farawa ta koma can da. Yaren da aka fara ambata shi ne wanda Turanci ya karɓo daga hannunsa kai tsaye. Na ƙarshe shi ne mafi nisa. Mutane da yawa suna tsallakewa zuwa na ƙarshen su ce “ai kalmar Girkanci ce”, alhali Turawan Ingila ba daga bakin Girkawa suka ji ta ba.

Akwai gajerun alamomi da sai an san su. OE na nufin Tsohon Turanci, wanda aka yi daga wajen shekarar 450 zuwa wajen 1100, kuma Bature na yau ba ya iya karanta shi sai ya koya. ME Turancin Tsakiya ne, daga nan zuwa wajen 1500. OF Tsohon Faransanci ne, L Latin, Gk Girkanci, ON tsohon yaren mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila. Ƙaramin “c.” gaban shekara yana nufin wajen wannan shekarar, ba ita tak ba. “Cf.” na nufin kwatanta, wato akwai alaƙa ko kama, ba cewa wannan ce ta haifi waccan ba.

Alamar da ta fi muhimmanci ita ce ɗan tauraro a gaban kalma. Yana nufin ba a taɓa samun wannan siffa a rubuce ba, masana ne suka gina ta ta hanyar kwatanta yaruka 'yan uwa. Ba ƙage ba ne, aiki ne mai ƙa'ida, amma ba daidai yake da kalmar da aka gani a takarda ba. Duk wanda zai kwafi irin wannan siffa a aikin makaranta ya kwafe ta da tauraronta. Haka ma “perhaps” da “probably” a layin asali: ba ado ba ne. Idan ƙamus ya ce wataƙila, kai ma ka ce wataƙila.

To ga salsalar “plateau”. Turanci ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 18, da rubutunta yadda yake. A Faransanci ta fito daga tsohuwar siffa “platel”, wadda ake amfani da ita tun ƙarni na 12 ga wani shimfiɗaɗɗen yanki na katako ko ƙarfe. “Platel” kuwa tsigilau ce ta “plat”, mai shimfiɗa, wato kamar a ce ɗan shimfiɗaɗɗen abu. Ana mayar da “plat” ga wata siffa ta Latin ɗin talakawa, “*plattus”, wadda ke ɗauke da tauraron nan, ita kuma ana danganta ta da “platys” na Girkanci, mai faɗi. Har yau a Faransanci “plateau” na nufin tiren da ake ɗauko abinci a kai, bayan ma'anar ƙasa. Shi ya sa za ka ji unguwa mai suna Plateau a Yamai da Dakar da Abidjan: Faransawa sun sa wa wuraren sunan ne don suna kan tudu mai sarari, babu ruwansu da jiharmu.

Rubutun kalma yana faɗin lokacin zuwanta

Ƙarshen nan na “eau” shaida ce da ya kamata a tsaya a kanta. Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama yaren fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kuma dubban kalmomi suka kwarara cikin Turanci. Waɗanda suka shiga a wancan zamani sun shiga da tsohuwar siffarsu, kuma bakin Ingilishi ya tauna su har suka zama nasa. Can a Faransa kuma yaren bai tsaya ba: ƙarshen “el” ya rikiɗe ya zama “eau”, ana furta shi “o”. Saboda haka “castel” ta shiga Turanci da wuri ta zama “castle”, amma a gida ta ci gaba da canjawa har ta zama “château”, wadda Turanci ya sake arowa a ƙarni na 18 a matsayin wata kalma dabam. “Bureau” daga “burel” take, “tableau” daga “tablel”, “beau” daga “bel”.

Ƙa'idar da za ka riƙe: kalmar Faransanci da ta riƙe rubutunta da furucinta na Faransa, mai yiwuwa baƙuwa ce ta baya-bayan nan. Wadda ta saje har ba a gane ta, tsohuwar shiga ce. “Plate” da “place” daga gida ɗaya suke da “plateau”, amma sun riga ta shiga Turanci da shekaru kusan ɗari biyar, shi ya sa ba wanda ke jin su a matsayin baƙi.

Wannan baƙunta ce ta jawo matsalar rubutu. Ana ganin “plateu” da “platue” da “pleateau” a takardun neman aiki har ma a allunan shaguna. Maganin shi ne a raba ta biyu, “plat” da “eau”, a haddace wasulan uku a jere: e, a, u. Jam'inta iri biyu ne kuma duka daidai ne, “plateaus” irin na Turanci da “plateaux” irin na Faransanci, furucinsu ɗaya, da sautin z a ƙarshe. Mutanen Ingila suna danna gaɓar farko, na Amurka ta biyu.

Jera ma'anoni bisa shekaru

Ɗauki takarda ka ja layi uku: shekara, ma'ana, fanni. Ka cika daga mafi tsufa. Abin da kake nema ba jerin ma'anoni ba ne kawai, gadar da ta haɗa kowace ma'ana da ta gabanta kake nema.

Ma'anar ƙasa ita ce ta fara kafuwa: wuri mai tsayi wanda samansa ke da sarari, gefensa kuma, aƙalla ta ɓangare ɗaya, gangare ne mai tsanani. Ƙamus ɗin Harper yana ba da 1796 ga wannan ma'ana. Kada ka yi mamaki in wani ƙamus ya ba da shekarar da ta riga wannan. Shekarar da ƙamus ke bayarwa ba ranar haihuwar kalma ba ce, ita ce tsohuwar takarda da aka samu ɗauke da ita zuwa yanzu. Mutane sun riga sun faɗe ta kafin wani ya rubuta, kuma kullum ana tono tsofaffin takardu shekarar ta ja baya. Saboda haka a rubuta “an same ta a rubuce tun shekara kaza”, kada a rubuta “an ƙirƙire ta a shekara kaza”.

Wanda ya taso daga Abuja ta Akwanga ya san wannan ma'ana da jikinsa. A Hawan Kibo mota tana nishi, manyan motoci suna rarrafe da giya ɗaya, kunne yana toshewa. Da an gama hawan, sai hanya ta miƙe ta Riyom zuwa Bukuru, fili ya buɗe hagu da dama, sanyi ya shigo ta taga. Ba a sauka ba, ana nan sama da mita 1,200 daga doron teku, amma an daina hawa. Abin da ya bambanta irin wannan ƙasa da dutse ke nan: dutse yana da ƙololuwa, in ka kai sai gangarowa. Duwatsun Shere da ke gabashin Jos, masu tsayin kusan mita 1,800, duwatsu ne a kan tudun, ba su ne tudun ba. Mambila a Taraba ita ma irin wannan ƙasa ce, haka Tibet, wadda ta fi kowacce tsayi a duniya.

Riƙe wannan siffa, hawa sannan sarari, domin ita ce gadar. A 1897 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, William Lowe Bryan da Noble Harter, suka wallafa bincikensu kan yadda ma'aikatan wayar tangaraho ke koyon karɓar saƙo. Sun riƙa auna saurin masu koyo mako-mako suna zana shi a jadawali. Layin yakan hau da sauri a farko, sai ya kwanta na tsawon lokaci kamar mai koyon ya daina ci gaba, daga baya ya sake hawa. Wannan kwantaccen sashe shi aka kira “plateau”, domin a ido kamar zanen tudu yake in an dube shi ta gefe. Daga nazarin koyo kalmar ta bazu zuwa duk wani abu da ake aunawa a jadawali: farashi, yawan masu kamuwa da cuta, gangar man da rijiya ke fitarwa a rana, nauyin mai rage ƙiba da ya tsaya wuri ɗaya duk da bai fasa motsa jiki ba.

A ƙarni na 20 ne sunan ya haifi aikatau, aka fara cewa abu ya “plateaued”. Turanci yana yin haka da sauƙi, ya ɗauki suna ya sa shi aiki ba tare da canja masa siffa ba, don haka in ka ga shekarar aikatau ta biyo bayan ta suna, ka san wanne ya haifi wanne.

Ma'anar asibiti kuwa ba ta bi ta jadawali ba, kai tsaye ta koma ga shimfiɗa. “Tibial plateau” shi ne saman ƙashin ƙwauri, wurin da ya yi faɗi ya shimfiɗu don ƙashin cinya ya zauna a kansa a cikin gwiwa. Karaya a wurin takan biyo faɗowa daga sama ko haɗarin babur da mota, kuma likitocin ƙashi suna ɗaukarta da muhimmanci saboda cikin gaɓa take. Wannan ya nuna cewa ma'anoni ba a layi ɗaya suke tafiya ba, reshe suke yi, kuma sabuwar ma'ana tana iya tsirowa daga tsohon tushe ta tsallake ta tsakiya.

Mai son ganin yaduwar wata ma'ana da idonsa ya buɗe Google Books Ngram Viewer. Rubuta “plateaued” ka sa shekaru daga 1800, za ka ga layin yana kwance a ƙasa har cikin ƙarni na 20 kafin ya ɗaga. A zaɓi siffar da ba ta da ma'ana biyu, kamar wannan, domin manhajar ƙirga rubutu take yi, ba ta san ma'ana ba. Tana kuma bambanta babban baƙi da ƙarami in ba ka ce mata kada ta yi ba, kuma littattafai kawai take gani, ba maganar baki ba. In ka ga wani ɗan tsiro a shekarar da ba ta dace ba, danna ka duba littafin: sau da yawa kuskuren na'urar karanta tsohon bugu ne, ko an sa wa littafin shekarar da ba tasa ba.

'Yan uwa na gaskiya da masu kama

“Platys” ta Girkanci ta bar zuriya mai yawa. Daga ita aka sami “plateia”, faffaɗan titi, wadda ta bi ta Latin ta zama “place” a Faransanci, “plaza” a Sifaniyanci, “piazza” a Italiyanci. Filazar da ake sayar da waya a Wuse ko a Terminus, asalin sunanta dandali ne na tsakiyar gari. “Platform” shimfiɗaɗɗiyar siffa ce. “Platinum” daga “platina” take, 'yar azurfa, sunan raini da Sifaniyawa suka sa wa ƙarfen da suka tarar a ƙasar da yanzu ake kira Kolombiya. “Platitude” magana ce lami, wadda ba ta da tudu ba ta da gangare.

Amma kama da wane ba wane ba ne. “Platoon”, rukunin sojoji, ta fara da haruffa huɗu iri ɗaya da “plateau”, kuma ita ma daga Faransanci take, amma tushenta “peloton” ne, 'yar ƙwallo ko ɗan dunƙule. “Island” da “isle” duk tsibiri suke nufi, kowa zai rantse gida ɗaya ne, alhali ta farko daga Tsohon Turanci take, ta biyu daga “insula” ta Latin, kuma baƙin s ɗin da ba a furtawa a “island” cusa shi aka yi daga baya saboda wannan zato. A ɗaya ɓangaren kuma, “flat” ba ta yi kama da “plateau” sosai ba, amma masana da yawa suna mayar da su ga saiwa ɗaya mai nisa. Dalili shi ne wani sauyi mai tsari da Jacob Grimm ya bayyana a 1822: inda Latin da Girkanci ke da p, yarukan dangin Jamusanci, har da Turanci, suna da f. “Pater” da “father”, “piscis” da “fish”, “ped” da “foot”.

Gwajin ke nan: alaƙa ta gaskiya tana maimaita kanta a kalmomi da yawa, kuma akwai hanyar tarihi da kalmar ta bi. Hannu da “hand” sun yi kama a sauti da ma'ana, amma babu wani jerin kalmomi da ke bin wannan tsari tsakanin Hausa da Turanci, yarukan ma ba dangi ɗaya ba ne, don haka dace ne kawai. Sukari da “sugar” kuwa 'yan uwa ne, duk ta hannun “sukkar” ta Larabci suka zo, kowacce ta hanyarta. Misali mafi ruɗi shi ne “alkali” na ajin kimiyya da alƙalinmu na kotu. Duk biyun daga Larabci suke, amma daga kalmomi dabam-dabam. Ta Turanci daga sunan tokar wani tsiro ce da ake yin sabulu da ita. Tamu daga “al-ƙadi” ce, kuma shaidar ita ce baƙin Larabcin nan na “dad” yana komawa l a tsofaffin kalmomin aro na Hausa: alwala, farilla, larura.

Sai labaran haruffan farko, waɗanda suka fi yawo a WhatsApp. Wai “news” daga sunayen kusurwoyi huɗu na duniya aka haɗa ta. Ba haka ba ne: jam'in “new” ce, sababbin abubuwa, kuma tana nan tun ƙarni na 15 ko kafin haka. Haɗa kalma daga haruffan farko al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙarni na 20, kamar “radar” ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko NEPA da JAMB a nan gida. Duk tsohuwar kalma da aka ba ka irin wannan bayani a kanta, tambayi shekarar da aka fara ganin kalmar, sannan shekarar da aka fara jin labarin. Galibi za ka tarar labarin ya zo ne bayan kalmar da ɗaruruwan shekaru. Daɗin labari ba hujja ba ne, hasali ma idan ya cika daɗi, dalili ne na ƙara bincike.

Yadda ta zama Filato, da yadda za a fassara ta

Turawan mulki sun fara kiran tudun nan na Jos da sunan Bauchi, kasancewar yankin yana ƙarƙashin lardin Bauchi. A 1926 aka kafa Lardin Filato, a 1967 aka yi jihar Binuwai-Filato, a ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta raba ta aka sami Jihar Filato, wadda aka cire Nasarawa daga cikinta a 1996. Ta haka kalmar labarin ƙasa ta zama sunan yanki na mulki.

Siffar Hausar ta nuna da kunne aka aro ta, ba da ido ba: ta ƙare da o, yadda ake furtawa, ba da wasulan nan uku ba. Sauye-sauye biyu suka faru, kuma duk suna da tsari. Hausa ba ta bambanta p da f, don haka p ta Turanci takan zama f a rubutu: fensir, fasinja, fakiti, fam. Wannan ba shi da alaƙa da sauyin da Grimm ya bayyana, ko da yake sakamakon ya yi kama. Sannan Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ta saka wasali a tsakani: burodi, firamare, bulo, sitiyari. Wanda ya san waɗannan ƙa'idoji biyu zai iya mayar da ararrun kalmomi da yawa zuwa asalinsu ba tare da ƙamus ba. Don tabbatar da tsufar aro a Hausa, a duba ko kalmar tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949. In tana ciki, ta shigo tun zamanin mulkin Turawa.

Abin lura shi ne ma'ana ɗaya tak Hausa ta ɗauko. Filato sunan jiha ne da yankinta, shi ke nan. Ba a cewa farashin masara ya yi filato, ba a kiran Mambila filato a maganar yau da kullum. Don haka mai fassara sai ya koma ga jimlarsa ta farko. In ƙasa ake nufi, a ce shimfiɗaɗɗen tudu, ko tudu mai sarari a sama. Tsauni shi kaɗai yana kawo hoton ƙololuwa, bai dace ba. In ƙashi ne, a ce saman ƙashin ƙwauri, daidai cikin gwiwa.

Ma'anar jadawali ita ce ake yawan ɓatawa a fassarar labarai. Idan rahoto ya ce hauhawar farashi ta yi “plateau”, ba a ce ta sauka ba. Ta daina hawa ne, tana nan a saman inda ta kai. A ce “ta tsaya wuri ɗaya bayan hawan da ta yi”, ko “ta daina ƙaruwa”. Wanda ya fassara ta da “ta ragu” ya ba mai sauraro labarin da ba shi ne a takardar ba, kuma a batun annoba ko farashin abinci wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A kuma raba ta da “peak”, wadda ke nufin an kai ƙololuwa ana shirin gangarowa, da “stagnate”, wadda ke ɗauke da zargi, kamar ruwan da ya kwanta ya fara wari. “Plateau” ba yabo ba ce ba zargi ba: ga likitan da ke ƙirga masu kamuwa da cuta albishir ce, ga ɗan kasuwar da cinikinsa ya daina ƙaruwa abin damuwa ce. In jimlar ba ta nuna wanne ake nufi ba, karanta wadda ke gabanta da wadda ke bayanta kafin ka zaɓi kalmar Hausa.